Babi na Bakwai: Nazarin Labarin Zane, Misali daga Littafin The Crow

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin nazarin ƙagaggen labari ta fuskar jigo da zubi da tsari da salo da taurari. A nan kuma za a gwada waɗannan hanyoyi a kan wani nau'in adabi da bai samu gindin zama a manhajarmu ba tukuna, wato labarin zane. Abin da ake nufi da labarin zane shi ne dogon labari mai kai da gindi wanda ake bayar da shi ta hanyar jera zane-zane a cikin ƙananan akwatuna, tare da 'yan kalmomi kaɗan. Mutane da yawa sun ɗauka abin yara ne kawai. Littafin da aka zaɓa domin misali ya ƙaryata wannan zato.

7.1 Marubuci da Tarihin Littafi

An haifi James O'Barr a birnin Ditiroyit na Amurka a 1960. A 1978 wani direba da ya sha giya ya buge budurwar da zai aura, ta rasu. Baƙin ciki ya sa ya shiga aikin soja, aka tura shi Jamus, a can ne ya fara zana wannan labari a 1981. Kamfanin Caliber ya fara fitar da shi kashi-kashi a 1989, aka haɗa shi littafi guda a 1993, sannan aka sake buga shi da ƙarin shafuka a 2011. An mayar da shi fim a 1994, amma tauraron fim ɗin, Brandon Lee, bai ga fitowarsa ba, domin ya rasu a 1993 sakamakon haɗarin bindiga a wurin ɗaukar fim ɗin. An sake yin wani a 2024. Ɗalibi ya lura, littafin muke nazari, kuma fina-finan sun sha bamban da shi a wurare da dama.

Wani abu game da sunan littafin. Da za a fassara shi sai a ce Hankaka, to amma fassarar ba ta cika ba. Hankakan da Bahaushe ya sani mai farin ƙirji ne, kuma an san shi da wayo da mayar da ɗan wani nasa. Na marubucin baƙi ne wuluk, kuma a adabin Turawa akan danganta shi da mutuwa da maƙabarta. Wanda ya shiga littafin da hankakan gida a ransa zai ɓata hanya tun daga bango.

7.2 Jigo

Labarin gajere ne. Eric da budurwarsa Shelly suna tafe, motarsu ta lalace a hanya, wasu 'yan daba biyar suka far musu. Aka harbi Eric a ka, yana kwance ba ya iya motsi aka ci mutuncin Shelly aka kashe ta a kan idonsa. Bayan shekara guda sai ya dawo, hankaka na yi masa ja-gora, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kashewa.

Mai karatu na gaggawa zai ce jigon ramuwar gayya ne. A ganina wannan ƙaramin jigo ne. Babban jigon shi ne baƙin cikin rashi da zargin kai. Hujjar ita ce, babu wurin da mai karatu ke fargabar ko Eric zai yi nasara, tun da harsashi ba ya kayar da shi. Inda yake shan kaye shi ne idan ya koma kangon gidansu shi kaɗai, ya shiga tuna yadda suka yi fenti tare, da wasa da dariyarsu, har ya kai ga yi wa jikinsa rauni da kansa. Hankakan kan tsawata masa a kan wannan waiwaye. Duk wanda ya kashe, bai rage masa ko ƙwayar zarra daga abin da ke cin sa ba. Marubucin ma ya sha faɗa a hirarraki cewa ya zaci zanen zai sanyaya masa zuciya, sai ya ga yana ƙara tsananta masa.

Ana iya kwatanta wannan da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito a shekarun 1930. A can ma rasa Zainab ne ya tura Abubakar neman fansa, kuma bai ci ribar komai ba. Bambancin shi ne, a Jiki Magayi sharrin ya faɗa kan yaron da bai ji ba bai gani ba, don haka hukuncin mai karatu a fili yake. A littafin O'Barr kuwa waɗanda ake kashewa azzalumai ne na gaske, shi ya sa mai karatu kan tsinci kansa yana jin daɗin kisan. A nan ne aikin manazarci yake: ya lura da wannan jin daɗi, ya tambayi kansa ta wace dabara aka cusa masa shi.

7.3 Zubi da Salo

A labarin zane, zanen kansa harshe ne. Littafin baƙi da fari ne. Shafukan ramuwa an yi su da tawada mai kauri, layuka masu kaifi, duhu ya cinye rabin fuska. Shafukan tuna baya kuwa da inuwa mai laushi aka yi su, kamar hazo. Ba sai an rubuta cewa an koma baya ba, ido ne ke sanarwa. Wannan shi ne salon kome ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Akwai kuma alamci. A wani wuri Eric na cikin jirgin ƙasa, ya hango farin doki ya sarƙe a waya mai ƙaya, yana kallo ba ya iya ceton sa. Ba a ambaci Shelly ba, amma mai karatu ya gane. Sassan littafin ma an raɗa musu sunaye masu nufin ciwo da tsoro da yanke ƙauna da mutuwa, wato an tsara zubin bisa halin da zuciya ke ciki.

Littafin bai rasa naƙasu ba. Mafi girma shi ne Shelly ba ta da muryar kanta. Ba mu san ta ba sai ta tunanin Eric, kuma kullum kyakkyawa ce mai fara'a. 'Yan dabar ma ba su da wani zurfi. Sannan a wasu shafuka an cika jini har ya wuce buƙatar labari.

7.4 Matsayin Malami

Wannan littafi na manya ne. Akwai fyaɗe da shan ƙwaya da tsiraici a cikinsa, saboda haka bai dace a kai shi ajin firamare ko ƙaramar sakandare ba. Abin da malami zai ɗauka shi ne dabarar karanta zane, ya yi amfani da ita a kan abin da ya dace da shekarun ɗalibansa. Haka kuma wani ɗalibi na iya cewa matacce ba ya dawowa, don haka labarin ƙarya ne. Malami ya tuna masa cewa a tatsuniya gizo na magana, kuma ba wanda ya ce an taɓa aƙidarsa. Ya kuma kiyaye, a kowane aji ba a rasa wanda aka yi wa rashi kwanan nan; kada a tilasta wa irin wannan ɗalibi yin magana.

7.5 Jinga

1. Kawo hujjoji biyu da ke nuna cewa ramuwar gayya ba ita ce babban jigon littafin ba. In kana da saɓanin ra'ayi, kare shi.
2. Zaɓi fitowa ɗaya daga Jiki Magayi, ka tsara ta cikin akwatunan zane shida, ka bayyana abin da ka bar wa zane da abin da ka bar wa kalma.