Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Ciwon Zuciya: Yadda Garkuwar Jiki Ke Yin Kuskure

A lokacin hunturu, ba abin mamaki ba ne a ga yaro a Bauranya ko wani ƙauye na yankin Kankiya da Kusada yana fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Wasu iyayen sukan kai shi wurin wanzami a cire masa beli, wasu kuma su bari ya warke don kansa. Amma bayan mako 2 ko 3, wani yaron sai ya tashi da kumburin gwiwa da haki. Abin da ke cin sa yanzu ba ƙwayar cuta ba ce, garkuwar jikinsa ce ta juyo kansa.

Daga cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, su ne 'yan sintirin jiki. Kafin ƙwayar T ta kai hari, sai ta sami saƙo biyu. Na farko, wata ƙwaya ce za ta nuna mata ɗan guntun furotin na abokin gaba. Na biyu kuwa yekuwa ce da ke tabbatar da cewa lallai akwai haɗari, wadda ke shigowa ta wani furotin mai suna CD28. Idan saƙon farko ya zo babu na biyu, ƙwayar takan lafa. Bayan an gama yaƙi kuma, wani furotin, CTLA-4, shi ke taka mata birki.

Ban da wannan, jiki yana da wasu matakan tsaro. A cikin wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wato taimos, ake halaka yawancin ƙwayoyin T masu ɗaukar naman jiki a matsayin baƙo. Waɗanda suka kuɓuta kuwa akwai masu tsawata musu, wato ƙwayoyin T masu ladabtarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya gano a 1995. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Idan waɗannan matakai suka gaza, sai a sami cututtuka irin su ciwon sukarin da ke kama yara, inda garkuwar ke lalata ƙwayoyin da ke yin insulin.

To, ina kuskuren yake game da yaron nan? Bakteriyar sitireftokokas da ta kama maƙogwaronsa tana da wani furotin, M, wanda ya yi kama da wasu furotin na zuciyar ɗan Adam. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma garkuwar wasu yara ba ta rarrabewa. Da yake cutar ta riga ta tayar da yekuwa, saƙo biyun nan sun cika, sai harin ya faɗa kan gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Kumburin gaɓoɓi yakan wuce, amma tabon ƙofar zuciya yakan zauna, kuma yana ƙaruwa duk lokacin da cutar ta dawo. 'Yan shekara 5 zuwa 15 abin ya fi kamawa.

Wani bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikinsa, ya duba majiyyata 3,343 masu wannan ciwon zuciya a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yemen. Kusan kashi 2 cikin 3 mata ne, kuma rabinsu ba su wuce shekara 28 ba.

Cire beli ba ya kashe bakteriya. Abin da ke kashe ta shi ne fenisilin, ko dai na sha har kwana 10 ba fashi, ko allura guda, bisa umarnin likita. Wanda ciwon ya riga ya taɓa kuwa, allura zai riƙa karɓa duk mako 3 ko 4 har shekaru da dama. Saboda haka, malamin da ya ga ɗalibi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko kumburin da ke tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya shawarci iyayensa su kai shi asibiti tun da wuri.