Ƙwarin da ke Kama Jikin Kifin Kap

Dukanmu mun san kaska a jikin saniya, da kwarkwata a rigar mutum. To, ashe kifi ma, duk da yana kwana cikin ruwa, bai tsira ba. Bari mu duba wannan al'amari ga kifin da Turawa ke kira kap, wanda mutanen Sin suka fi shekara 2,000 suna kiwonsa, aka kuma kawo shi gonar kifi ta Panyam daga Ostiriya a 1954.

Na farko ita ce kwarkwatar kifi. Faffaɗa ce, girmanta kamar rubu'in inci, tana da mamanna biyu da take liƙewa da su, da tsinke a baki wanda take huda fata ta sha jini. In za ta yi ƙwai sai ta saki kifin, ta je ta jera su bisa duwatsu da ciyawar ruwa. Akwai kuma wata mai kama da zare, macen ce ke kafa kanta cikin tsoka, sauran jiki yana reto waje. Mai gani ya ce tsutsa ce, alhali kuwa dangin ƙaguwa ce. Ciwon da suke bari shi ne ƙofar da wasu cututtuka ke shiga.

Amma wanda ya fi ɓarna, a ganinmu, shi ne mai farin ɗigo, watau kifi ya fito kamar an barbaɗa masa gishiri. Kowane ɗigo ƙwaro ɗaya ne kwance ƙarƙashin fata, inda magani ba ya iske shi. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tafki, ya yi wa kansa kwanso, ya yi ta rarrabuwa har ya zama ɗaruruwa. Sa'an nan 'ya'yan su fashe, su bazu neman kifi. Wanda bai samu ba cikin kamar kwana 2 ya mutu. A wannan ɗan tsakani kaɗai gishiri ko wani magani ke cinsu, don haka ba a yin magani sau ɗaya a bari. Ruwa mai ɗumi kuwa yana gaggauta zagayen nan, har ya cika kafin mako.

Nan ne bambancin kifin kogi da na kiwo yake. A kogi kifaye a warwatse suke, galibin 'ya'yan ƙwaron sai su hallaka ba su sami masauki ba. A tafki kuwa an cunkushe su, ko'ina ƙwaron ya juya ga abinci.

Mai kiwo in ya ga kifinsa yana goga jiki da dutse, ko ya ƙi cin abinci, ko ya taru bakin mashigar ruwa yana haki, to, ya kamo ɗaya ya duba. Baƙon kifi a ware shi makonni kafin a haɗa shi da na gida, kada kuma a yi aron taru jiƙaƙƙe. Bayan an kwashe kifi a tsiyaye tafkin, a zuba farar ƙasa, a bar rana ta gasa laka har ta tsattsage.