Loyis da Afiniki: Kaka da Uwa

Karatu: 2 Timoti 1:3-7, Ayyukan Manzanni 16:1-3

Bulus yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wannan wasiƙa. Da ya tuna da bangaskiyar Timoti, mata biyu ya ambata: kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Mahaifin Timoti Bahelene ne, Luka kuwa bai ce ya ba da gaskiya ba. Ke nan nauyin koya wa yaron Littattafai Masu Tsarki a wuyan matan nan ya faɗa, a Listira, garin da aka jejjefi Bulus da duwatsu (14:19). Daga baya ɗan ya bar gida ya bi mutumin da aka jefa ɗin. A ganina, wannan ita ce sadakar Afiniki mafi tsada.

Tambaya: A gidanku, wa yake karanta wa jikoki Maganar Allah da yamma?