Tamostat ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba

Kullum bayan la'asar akwai 'yar majalisa da ke haɗuwa a kan bencin bakin garejina a Kano, kuma hirar ba ta wuce ta mota. Wannan ya ce Toyota ta fi kowa juriya, wancan ya ce Honda ta fi daɗin tuƙi amma ƙafarta ba ta son rami. Dattawan cikinsu kuwa ba su yarda an yi mota ba tun bayan Fijo 504, wadda kamfanin Peugeot ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Inda duk suke haɗuwa shi ne wai motocin yanzu gwangwani ne, ba sa ƙarko.

Fiye da shekara ashirin ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma ban yarda da wannan magana ba. Motocin da ake kawo mana daga Amurka da Turai suna da ƙarko. Mu ne muke riƙonsu irin riƙon da iyayenmu suka yi wa Fijo, alhali ba halittarsu ɗaya ba. Fijo kafireta gare ta, ba ta da ƙwaƙwalwa, duk abin da ka yi mata sai ta haƙura. Yawanci injin Corolla ko Camry ko Accord na bayan shekarar 2000 da alminiyam aka zuba shi, kuma akwai ƙwaƙwalwar da ke auna zafinsa kowane lokaci, da wannan awon take yanke yawan fetur ɗin da za ta ba shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cire tamostat. Mota ta iso daga Kwatano ko Legas, tun ba a yi mata lamba ba, sai wani ya ce wa mai ita, "Alhaji, a cire wannan abin, don ƙasar ƙanƙara aka sa shi, nan zafinmu ya ishe mu." Sai a zare shi, a ɗaure fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murza mukulli. Mai mota ya ga allurar zafi ta kwanta can ƙasa, hankalinsa ya kwanta tare da ita.

Tamostat ƙaramar ƙofa ce tsakanin inji da lagireto. Da safe idan ka tayar da mota, a rufe take, ruwa na zagaye cikin inji kaɗai don ya yi saurin ɗumi. Idan zafi ya kai wajen digiri 82, kamar yadda yake a yawancin Corolla da ke hannunmu, sai ta fara buɗewa ruwan ya wuce lagireto ya huce. Aikinta ke nan, ta riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kusan digiri 90. Ranar da Kano ta fi zafi a watan Afrilu ba ta wuce digiri arba'in da 'yan kai. Ke nan ko a tsakiyar bazara, iskarmu sanyi ce a wajen inji, balle asubahin hunturu a hanyar Jos. Ai motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Idan babu ita, ƙwaƙwalwar motar za ta daɗe tana ganin injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur kamar yadda take yi da sassafe. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ɗaya ke nufi a aljihu. Kuma asarar ba ta tsaya a gidan mai ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji. Filogi ya yi baƙi, ringi ya cinye kafin lokacinsa, mota ta fara hayaƙi. A wasu injina ma, tamostat ɗin ce ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ta buɗe. Ka cire ta, wani kaso na ruwan ya riƙa komawa inji bai leƙa lagireto ba, sai motar da aka cire wa don gudun zafi ta tafasa a doguwar tafiya.

Bara wani malamin makaranta ya kawo mini Corolla da aka janyo daga hanyar Zariya. Watanni kafin nan ta fara ɗaukar zafi, aka cire masa tamostat a wani gareji, aka ɗaure fanka, aka ce an gama. Da muka sauke lagireto sai ga shi cike da tsatsa da wani farin gishiri, rabin hanyoyinsa a toshe. Ciwon yana nan tun farko, ɓoye shi kawai aka yi. Gasket ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, sai da muka kai aka goge shi. Na ce masa, "Malam, da lagireto aka wanke maka a ranar, da ba mu kai nan ba." Na ji zafin abin ƙwarai, don na san albashin wata nawa ya tara kafin ya sayi motar.

Wannan farin gishirin daga ruwan rijiya da na burtsatse yake. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, yana kawo tsatsa, yana cin alminiyam da famfon ruwa. Ruwan lagireto na gaskiya, wanda muke ce wa kulan, idan an gauraya shi rabi da rabi kuma murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata, sai ya haura digiri 120 bai tafasa ba, ga maganin tsatsa a cikinsa. Na Toyota mai ruwan hoda yana kai kilomita 160,000 a zubin farko. Sai dai a kula, na sha cin karo da jarkokin da ruwa ne kawai aka rina shi kore, don haka kada araha ta ja ku. Idan tafiya ta kama a daji ba laifi a zuba ruwan da aka samu, amma a zubar da shi da an iso gari.

'Yan'uwana kanikawa, na san ba mugunta ke sa a yi haka ba, abin da muka tarar ke nan wajen iyayen gidanmu, ni ma na cire da hannuna ina yaro. Yanzu dokar garejina ita ce duk motar da ta zo da zafi, sai yarana sun duba murfin lagireto, da hos, da fanka, da famfon ruwa, da lagireton kansa. Idan tamostat ɗin ce ta maƙale, a jefa ta cikin tafasasshen ruwa a gani, in ba ta buɗe ba a nemo sabuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa a mayar.

Kai kuma mai shirin sayen mota, tayar da ita da sanyinta ka saurara. Idan fanka ta tashi tare da inji alhali ba a kunna na'urar sanyaya ciki ba, ka tambayi dalili. Ka tuƙa ta kamar minti goma, allurar zafi ta hau zuwa kusa da tsakiya ta tsaya cak. Kafin ka tayar ɗin, ka buɗe murfin lagireto ka ga launin abin da ke ciki. Amma in injin ya riga ya yi zafi kada ka taɓa murfin nan, don akwai yaron da ya koyi aiki a hannuna da har yau tabon ƙunar ke dantsensa.