Yadda Ake Zama Ƙwararren Mai Jifa a Wasan Besbol

A wasan besbol babu abin da ke motsi sai mai jifa ya saki ƙwallo. Yana tsaye a kan ɗan tudu mai tsayin inci 10, tsakaninsa da inda mai sanda yake mita 18.44. Aikinsa ya aika ƙwallo, wadda nauyinta bai kai giram 150 ba, ta ratsa wani ɗan fili a iska mai faɗin inci 17, daga gwiwar mai sanda zuwa wajen ƙirjinsa, ba tare da an make ta ba. In mai sanda ya kuskure sau uku, ya fita. In jifa ya kauce wa filin sau huɗu, an ba mai sanda hanya kyauta. Mutane na cin abinci da wannan sana'a a Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Meziko, amma ƙololuwarta ita ce gasar MLB mai ƙungiyoyi 30, kuma hanyar zuwa can za mu bi. Tun daga farko ka riƙe wannan: jarin mai jifa gaba ɗaya yana rataye ne a kan wata 'yar jijiya da ke cikin gwiwar hannunsa.

Mataki na 1: Koyi jifa da ƙafa da ƙugu

Sabon shiga yakan ɗauka hannu ne ke jifa. Hannu manzo ne kawai, ƙarfin daga ƙasa yake tasowa. Ka tsaya a karkace, ƙafar baya a jikin robar da ke kan tudu. Ka ɗaga gwiwar gaba, ka tunkuɗa jikinka da ƙafar baya, ka yi dogon taku zuwa ga mai cafe, abokin wasanka da ke tsugune bayan mai sanda. Sai ƙafar gaba ta dira sannan ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo shi, hannu ya zo a ƙarshe. Yaron da ke buɗe ƙirji kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kafaɗarsa da gwiwar hannunsa ne ke biyan bashin ƙarfin da ya zubar. Wannan gyara ne da ake yi tun ana ƙarami, a gaban mai horarwa da ke da ido, domin ɗabi'ar da jiki ya saba da ita a shekara goma wuyar sauyawa gare ta a shekara ashirin.

Mataki na 2: Ƙirga jifanka, ka huta

A nan zan daɗe, don a nan ake rasa mafi yawan yara masu baiwa. A 2014 hukumar MLB da USA Baseball sun fitar da ƙa'idojin da suka kira Pitch Smart. Ɗan shekara 9 zuwa 10 kada ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 jifa 85, ɗan 13 zuwa 16 jifa 95, ɗan 17 zuwa 18 jifa 105. Yaron da bai wuce shekara 14 ba, in ya yi jifa 66 ko fiye, sai ya huta kwana huɗu. A kowace shekara kuma a samu wata huɗu da ba ya jifan gasa.

Dalilin a fili yake. Duk lokacin da hannu ya koma baya kafin sakin ƙwallo, jijiyar da ke cikin gwiwar hannu tana miƙewa kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Tsoka ce ke taya ta, kuma da zarar tsoka ta gaji, nauyin ya koma kan jijiya ita kaɗai. Ba rana ɗaya take tsinkewa ba, tana sassaɓewa ne kaɗan-kaɗan, kamar igiyar guga a bakin rijiya. Shi ya sa yaron da ya fi kowa iyawa a ƙungiyarsa ya fi kowa shiga haɗari: kowane mai horarwa shi yake so ya saka, kowace gasa shi ake nema. Uba ko malamin da ya ga yaro yana girgiza hannu tsakanin jifa da jifa, ko ƙwallonsa ta fara tashi sama, ya sauke shi nan take, ko da kofi ne ake shirin ɗauka. Ban ga kofin yara da ya kai darajar gwiwar hannun ɗan shekara goma sha uku ba.

Mataki na 3: Saiti kafin gudu

Fara da jifan miƙe: yatsa manuni da na tsakiya a gicciye kan ɗinkin ƙwallo, babban yatsa a ƙasa, riƙo sassauƙa. Ka yi ta maimaitawa har ka iya sanya ta a kusurwar da mai cafe ya nuna. Na biyu shi ne jifan yaudara, inda ake cusa ƙwallo cikin tafi, a wurga da saurin hannu iri ɗaya, amma ta iso da ragin kimanin mil 8 zuwa 10 a awa. Mai sanda zai kai duka tun ba ta iso ba. Jifan lanƙwasa, wanda ke karyewa ƙasa ko gefe, a bar shi sai waɗannan biyu sun zauna a hannu.

Ba za a yi musun cewa gudu yana buɗe ƙofa ba. Matsakaicin jifan miƙe a MLB yanzu ya kai wajen mil 94 a awa, kimanin kilomita 151, kuma Aroldis Chapman ya taɓa kai mil 105.8 a 2010. Amma dubi Greg Maddux, wanda bai taɓa yin suna da gudu ba: ya ci wasa 355, ya lashe kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa sau huɗu a jere daga 1992 zuwa 1995. Mariano Rivera kuwa, ɗan masunta daga Puerto Caimito a Panama, kusan jifa iri ɗaya ya rayu a kai, wanda ke zuwa a miƙe sannan ya zame gefe dab da sanda. Kowa ya san abin da ke tafe, amma sau 652 yana rufe wa New York Yankees wasa da nasara. A ganina yaron da ke kallon na'urar auna gudu bayan kowane jifa yana koyon abin da bai fi muhimmanci ba.

Mataki na 4: Shiga ta ƙofar da ta dace da ƙasarka

Ɗan Amurka ko Kanada ko Puerto Rico yana shiga ne ta zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi a watan Yuli, mai zagaye 20 tun 2021, bayan kammala sakandare ko bayan shekara uku a jami'a. Sauran 'yan duniya ƙungiya na iya ɗaukarsu tun daga shekara 16, kuma dukkan ƙungiyoyin 30 suna da makarantun horo a Jamhuriyar Dominika. Daga Afirka ƙofar ƙarama ce amma a buɗe take. Tayler Scott na Afirka ta Kudu ya yi jifa wa Seattle Mariners a 2019, Los Angeles Dodgers na da makarantar horo a Uganda, kuma Pittsburgh Pirates ta ɗauki David Matoma, matashin mai jifa ɗan Uganda, a 2023. Kada ka sa hannu a kowace takarda sai iyayenka da wanda ya san doka sun karanta ta.

Mataki na 5: Jure ƙananan gasanni

Akwai matakai biyar kafin MLB, daga na sababbin shiga zuwa Triple-A. Paul Skenes, wanda aka zaɓa na ɗaya a 2023 da kuɗin sa hannu dala miliyan 9.2, ya ƙetare su cikin ƙasa da shekara guda, amma irinsa ba su da yawa. Akasari sukan shafe shekaru suna doguwar tafiya a bas da ɗan albashi, kuma mafi yawansu ba sa kaiwa. A nan ne ƙungiya za ta yanke ko kai mai buɗe wasa ne ko mai karɓa a tsakiya. A MLB mai buɗewa yana hawa tudu kowane kwana biyar, ya yi jifa wajen 100, wasa 30 zuwa 33 cikin 162 na kaka. Kwanakin tsakani ba na zama ba ne: gudu, ɗaga ƙarfe, motsa ƙananan tsokokin kafaɗa da igiyar roba, atisayen jifa sau ɗaya, da nazarin bidiyon waɗanda zai fuskanta. Mai karɓa kuwa kullum a shirye yake, bai san daren da za a kira shi ba.

Mataki na 6: Faɗi ciwo da wuri

A 1966 mai jifa Sandy Koufax ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, yana kan ganiyarsa, saboda gwiwar hannunsa ta hagu ta lalace. A 1974 likita Frank Jobe ya ciro wata jijiya daga hannun dama na wani mai jifa, Tommy John, ya dasa a gwiwar hannunsa ta hagu. John ya dawo a 1976, ya ci gaba da jifa har 1989, kuma yau da sunansa ake kiran tiyatar. Tana ceto sana'a, amma jinyarta shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba. Bambanta gajiyar tsoka da zafi mai tsini a cikin gwiwar hannu ko sanyin ƙaramin yatsa. Na biyun nan, a daina jifa a nemi likita a ranar, ko da tsoron rasa gurbi na cin ka.

Mataki na 7: San lissafin shekarunka

Mafi ƙarancin albashi a MLB a 2024 dala 740,000 ne. Kwana 172 a jerin 'yan wasan ƙungiya shi ake ƙirgawa shekara ɗaya. Sai ka tara shekara uku kafin ka iya kai batun albashinka gaban mai sulhu, sai shekara shida kafin ka sami 'yancin zaɓar ƙungiyar da kake so, inda manyan kuɗi suke. Da yawa hannunsu ba ya kai su wannan shekara ta shida. Saboda haka ka ajiye kuɗin sa hannunka, in ta sakandare ka shigo ka nemi a rubuta kuɗin karatun jami'a cikin kwantiraginka, kuma ka sani cewa kwana 43 a MLB sun isa su ba ka haƙƙin fansho, cikakkensa kuwa sai bayan shekara goma.