Darasin Kiwon Lafiya: Yadda Ake Auna Hatsarin Ciwon Zuciya

Manomi yakan dubi sararin sama ya san ko ruwa na tafe. Haka ma ma'aikacin lafiya yana iya ƙiyasta hatsarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki tun kafin su kayar da mutum.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali domin wannan aiki. An yi shi ne saboda masu shekara 40 zuwa 74. Akwai nau'insa wanda ba sai an ɗebi jini ba. Abubuwa biyar ake dubawa:

1. Shekarun mutum.
2. Namiji ne ko mace.
3. Yana shan taba ko ba ya sha.
4. Awon bugun jininsa.
5. Nauyinsa idan an gwada da tsayinsa.

Daga nan sai a ga launin da ya faɗa ciki. Kore yana nufin cikin mutum 100 irinsa, ƙasa da 5 ne ciwon zai kama a shekara goma masu zuwa. Ja kuwa yana nufin 20 ko fiye. Ciwon sukari yana ƙara hatsarin. Haka kuma idan ciwon ya kama iyaye tun ba su tsufa ba.

Babban abin lura shi ne hawan jini, domin sau da yawa ba ya nuna alama. Magidanci yana iya yin noma, ya ci kasuwar Ɗambatta lafiya lau, alhali jininsa ya hau. Awo ne kaɗai zai nuna. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu dabam-dabam, to akwai hawan jini.

Shekaru ba sa komawa baya, amma taba da ƙiba da hawan jini suna da gyara. A daina taba. A rage gishiri, kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya a yini. A tuna dunƙulen miya da kanwa su ma suna da sinadarin gishiri. Wanda aka ba maganin hawan jini kada ya daina sha don ya ji sauƙi.

Duk wanda ya kai shekara 40 ya je Babban Asibitin Ɗambatta ko ɗakin shan magani mafi kusa a auna shi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Waɗanne abubuwa biyar ake dubawa?
2. Wane awo ne ke nuna hawan jini?