Kwamfutar Hannu Za Ta Wadatar da Ni?

Tambaya: Malam, zan shiga jami'a in karanci lissafin kuɗi. Kuɗina na na'ura ɗaya ne. In sayi kwamfutar hannu irin iPad, ko laftof? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yata, sayi laftof, ko da kwance ce. Kwamfutar hannu ta riga ta kashe ƙananan kwamfutocin nan irin Asus Eee PC, waɗanda suka yi tashe daga 2007 har iPad ta fito a 2010 ta ƙwace musu kasuwa. Amma ba ta kai laftof ƙasa ba tukuna.

Wajen karanta littattafai da kallon darasi, kwamfutar hannu ba ta da na biyu, ga batirinta yakan kai wajen awa 10, abin da ke da daraja a inda wuta sai an ga dama. Sai dai ke Excel za ki yi ta fama da ita, kuma ta kwamfutar hannu ragaggiya ce. Manhajar SPSS kuwa ba ta hawa iPad sam. Ranar rubuta kundin kammala karatu, shafi 60 kina dangwalar gilashi da yatsa, za ki gane kurenki.

In za ki sayi kwance, ki cire cajar a gaban mai shagon, ki ga minti nawa batirin zai riƙe.